Ƙwan Da Aka Yi Da Fatata

Ku matso 'yan uwana mata, har da mazan da ke laɓewa su karanta su ce ba su karanta ba. Yau ban zo muku da labarin furanni da "kin ci abinci?" ba. Wadda ta san zuciyarta ba ta da ƙwari ta ajiye wayar nan ta je ta ɗora tukunya.

Ga sababbin shigowa, sunana Meruyet, 'yar Almati, shekarata ashirin da tara, ina sayar da magani a wani kemis bayan babbar kasuwa. Ni da Mama muke zaune a hawa na huɗu na wani tsohon bene irin na zamanin Sobiyet, wanda in maƙwabci ya yi atishawa sai ka yi masa addu'a ta bango. Babana ya rasu ina sakandare. Ina shekara sha tara ciwon daji na jini ya kama ni. Allah ya tashi kafaɗuna, amma maganin da aka yi ta ɗura mini ya ƙone ƙwayayen haihuwata ƙurmus. Likita ya ce mahaifa tana nan lafiya lau, sai dai rumbu ne ba hatsi. Tun daga nan a wajen biki ba wanda yake zagina, tausayina ake ji, kuma wallahi gara zagin. Gwaggonnina sai su shafa kaina su ce, "Ai rai ya fi komai," sannan su juya su tambayi wata ƙanwata 'yar kawu yaushe nata.

Sai ga Sanjar. Dogo, mai faɗin kafaɗa, yana sayar da tayoyin mota, yana zuwa sayen maganin hawan jinin mahaifiyarsa. Daga sayen magani ya koma tsayuwa, daga tsayuwa ya karɓi lamba. Kullum da safe sai wayata ta yi ƙara, saƙo daga garinsu Talgar:

"Rana ta fito a Talgar, amma na ga kamar sai an ƙara mata ke."

Ku yi dariya, ni ma yanzu dariyar nake yi. A lokacin kuwa sai in rungume filo kamar wata 'yar sha shida. Da na ga abin ya yi nisa na rubuta masa gaskiya, na ce ni fa ba na haihuwa, ya nemi wata tun dare bai yi masa ba. Ban ko ajiye wayar ba amsa ta shigo.

"Zamani ya wuce nan, Meru. Yanzu da fatar hannu ake yin ƙwai. Ki bar mini wannan."

Namijin da aka gaya wa irin wannan magana ai ko yaya ya yi shiru ya haɗiyi yawu. Shi ko gezau. Ni sakarya na ɗauka tsananin so ne.

Mahaifiyarsa, Kulash-apa, gajeruwar mace ce mai haƙoran zinare da farin ɗankwali, zobe a kowane yatsa. Ranar da aka kai ni gaishe ta, a ƙarƙashin wani ƙaton hoto ta zauna, hoton babban ɗanta Arman da ya rasu a hatsarin mota shekarun baya, an ɗaura wa kusurwarsa baƙin ƙyalle. Ta dube ni daga takalmi har goshi, ta kurɓi shayi, ta ce wa Mama:

"Ni ba na sa wa yarinya ɗankunne a kan wataƙila. Ko tunkiya za ka saya sai ka shafa bayanta. A je a yanki fatar. In ƙwai ya yi, mu zo da ɗankunne. In bai yi ba, kowa ya san hanyar gidansu."

Sa ɗankunne a wajenmu shi ne baiko. Mama ta yi dariyar yaƙe ta ce ai gaskiya ne. Ni kuwa na sunkuya ina ƙirga furannin darduma.

Aka kai ni wani asibiti mai bangon gilashi can sama wajen duwatsu, ba zan kira sunansa ba. Suka kashe mini wajen da allura, suka yanki abin da bai fi ƙwayar wake ba a cikin damtsena. Likitar ta ce za su mayar da ƙwayar fatar yarinta, lokacin da ba ta riga ta san me za ta zama ba, sannan su yi ta lallaɓa ta wata da watanni har ta zama ƙwan haihuwa. Kulash-apa ce ta ɗauki nauyi, ni dai duk inda yatsa ya nuna a takarda na sa hannu. Aka ce ƙwan za a ajiye a ƙanƙara sai bayan ɗaurin aure a haɗa da na Sanjar. Har wajen limamin unguwarmu na ja Mama. Ya daɗe yana jan gemu, ya ce shi dai in fatar tata ce, iri kuma na mijinta ne, kuma bayan aure, bai ga laifi ba, Allah ne mafi sani.

Ranar da saƙon Sanjar ya shigo ina bayan kanta: "Sun yi! Meru, ƙwai sun yi!" Na shige ɗakin ajiya na zauna a kan kwalin ruwan ɗauraye baki na yi kuka har mai kemis ya zaci mutuwa aka yi mini. Shekara goma ina kauce wa layin kayan jarirai a kasuwa. Ranar na shiga na sayi safa 'yar mitsitsiya, rawaya, na ɓoye a jaka.

To, mu zo ranar Asabar ɗin da ta wuce, ranar sa ɗankunne.

Tun safe gidanmu ya kaure da ƙamshin naman doki. Mama ta murza taliya mai faɗi, ta soya baursak, fanken garinmu, cike da daro, ta fito da kwanukan tangaran ɗin da tun rasuwar Baba ba a taɓa ba. Aka jona tebur uku daga falo har bakin baranda, aka tara tuffa jajaye da zabibi da busasshen cuku. Na sa doguwar farar riga mai tattara, na ɗora falmaran kakata ta koren karammiski mai aikin azurfa, wata ƙawata ta yi mini kitso biyu har gadon baya. Na kalli madubi na ce, yau dai Meruyet kin zama mutum.

Suka iso bayan azahar da jakunkunan kyauta. Bayan addu'a da jawabai Kulash-apa ta miƙe ta buɗe akwatin, ɗankunnen zinare mai jan dutse, mai nauyi. Hujin kunnena ya ɗan toshe saboda na daɗe ban sa komai ba. Maimakon ta bi a hankali sai ta danna da babban yatsa har na ji ƙas. Jini ya ɗiga a wuyan farar rigata.

"Ya yi kyau," ta ce, tana nuna wa mata yatsanta. "Kunnen da ya zubar mana da jini ya shigo gidanmu ke nan."

Aka kwashe da shewa, aka watsa mini alewa a ka. Sannan aka kawo farantin hanta da kitsen wutsiyar rago, dangina da nasu suka ba juna a baki. Kun san dai wanda kuka ci hanta da kitse da shi ya zama suruki har kabari, ba a warwarewa sai da abin kunya. Mama ta ci nata tana hawayen murna. Sanjar yana can ƙarshen tebur cikin maza, na neme shi da ido, shi kuwa cokalinsa yake kallo.

Aka tura ni kicin in haɗo shayi, aikin sabuwar suruka na farko. Na tarar da Togjan, matar marigayi Arman, tana yanka lemun tsami. Siririya ce, ba ta cika magana ba, har yau tana zaune a gidan Talgar.

"Rage wutar nan, madarar za ta yi bori," ta ce ba ta ɗago ba.

"To, Jenge." Haka ake kiran matar wa, ni kuwa ina ta zumuɗin fara kiranta.

"Kada ki ƙara kirana da sunan nan. 'Yar da na haifa da cikina ma da shi take kirana, ya ishe ni."

Al'adarmu ce, ɗan fari na kaka ne. Da an yaye shi sai a kai shi ɗakinta, ya tashi yana ce mata Mama, uwar da ta haife shi kuma ta zama matar wansa. Na ɗauka an bar wannan a ƙauye.

"Ni Sanjar ba zai bari a yi mini haka ba," na ce. "Ya san da ƙyar na samu. Ɗansa ne, shi ke da magana."

Ta ajiye wuƙar. Ta yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Ɗansa? Mene ne na Sanjar a ciki?"

"Ban gane ba."

"Rufe ƙofar."

Na rufe.

"Da aka yi hatsarin, Arman bai cika nan take ba, ya yi kwanaki a kan inji. Ina waje ina birgima, uwarsa tana ciki da likita ana yankar fatar cinyarsa. Tana cikin ƙanƙara tun lokacin. Ke da kike sayar da magani ai ya kamata kanki ya kawo. Masu iya mayar da fata ƙwan mace, mayar da ita ruwan namiji zai gagare su?"

Murfin butar da ke hannuna ya faɗi ya yi ta juyi a ƙasa.

"Ni aka fara nema," ta ci gaba. "Na ce mijina ya mutu, na yi masa takaba, ba zan haifa wa kabari ɗa ba. Yayyena maza huɗu ne, suka zo suka tsaya a tsakar gida, tsohuwar ta haɗiye maganarta. 'Ya mace Arman ya bari, mace kuwa ba ta shiga lissafin kakanni bakwai na zuriya. Tsohuwar nan ta rantse sai an rubuta sunan namiji a ƙarƙashin sunan ɗanta."

"To Sanjar fa? Ya yarda a..."

"Wa kike tsammani yake tuƙi ranar? Tun daga nan uwarsa ba ta ƙara cin abinci a tebur ɗaya da shi ba sai da ya kawo ki. Kuma kada ki ce za ki hana, an riga an haɗa naki da na Arman tun makon jiya."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Madara ta yi bori ta kashe wutar, ba wadda ta motsa a cikinmu.

"Me ya sa kike gaya mini?"

"Ba don Allah ba, ba kuma don ke ba, kada ki gode mini. Ba na son in tashi kullum in ga fuskar mijina a cinyar wata, shi ke nan." Ta ɗauki farantin lemunta ta fice.

Ban san yadda na ratsa falo ba. Na dai tuna na kamo hannun Mama tana tsakiyar zuba wa wani tsoho romo, na ja ta ɗakin barci inda aka jibge rigunan sanyin baƙi a kan gado. Na gaya mata komai a tsaye. Ina jiran ta dafe ƙirji, ta cire ɗankwali, ta fita ta kife musu tebur. Sai kawai ta kai hannu ta gyara mini wuyan riga.

"Rage murya, akwai mutane."

"Mama... kin sani?"

"Ta gaya mini tun kafin a yanki fatar. Mace ce mai gaskiya, ba ta ɓoye ba."

"Ni fa? Ni ba a gaya mini ba!"

"Da an gaya miki ai da kin yi abin da kike yi yanzu."

"Kina zaune liman ya ce sai in na mijina ne! Ina aure tsakanina da mamaci? Wane suna za a kira yaron?"

"Liman ya ce, liman ya ce. Liman ne zai zauna da ke in na mutu? Kakanninmu in wa ya rasu ƙane ke ɗaukar matarsa, ba wanda ya ce 'ya'yan ba na gida ba ne. Jini ɗaya ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ke Meruyet, dube ni nan. Shekara goma wa ya ƙwanƙwasa ƙofar nan saboda ke? Mai duba mitar ruwa. Yau gida mai mutunci ya zo da zinare, ke da ba ki da komai a ciki sai abin da aka ƙera miki, har kin samu bakin zaɓe? Ki haifa wa mamacin ɗaya, na biyu naki ne. Na ci hantarsu a gaban dangin ubanki, ba za ki sa in amayar ba."

Jama'a, wannan matar ita ta kwana a ƙasan gadona na asibiti wata da watanni, ita ta aske kanta ranar da gashina ya zube don kada in ji ni kaɗai. Na dube ta na rasa inda waccan ta tafi. Na tsane ta a lokacin, Allah ya yafe mini, tsana ta gaske.

Ba a ƙwanƙwasa ba ƙofa ta buɗe. Kulash-apa ta shigo, ta ture rigunan baƙi ta zauna a bakin gadona kamar nata.

"Na ga fuskar Togjan, na san ta yi aman da ta saba. Je ki wajen baƙinki," ta ce wa Mama. Mama kuwa ta fita sumsum. "To, kelin, faɗi abin da ke bakinki."

Kelin, wato suruka. Har ta fara.

Na kai hannu kunne. "Zan cire ɗankunnenki, Apa."

"Cire mana. Kunnenki ne. Akwai wata yarinya a ƙauyenmu, ta haihu uku lafiya, mijinta ba ya aikin fari balle na baƙi. Gobe in na aika za ta zo ta ɗauka. Da na so ke ki ɗauka ne don a yi abin cikin rufin asiri, da aure da komai."

"Ta ɗauki me? Ƙwaina ne! 'Ya'yana ne!"

"Suna hannunmu, ke kika sa hannu. Kuma wane irin 'ya'yanki? Fatarki ce. Fata kuwa duk mako kina dirje ta a gidan wanka tana bin rariya, ban taɓa jin kin zauna makokinta ba."

Na sauke hannuna daga kunne.

"Saurara, ni ba muguwa ba ce," ta ce, tana juya zoben yatsanta. "Ke ba ki binne ɗa ba, ba ki san komai ba. In kin ɗauka, ke za ki ji motsinsa, ke za ki shayar da shi har yaye. Bayan nan ya dawo ɗakina, amma gida ɗaya kuke, kullum kina ganinsa, ki wanke masa kaya, ki ba shi abinci. In kin ƙi, za a haife shi duk da haka. Wata rana ki wuce shi a kasuwa da hancinki a fuskarsa, ba ki sani ba, bai sani ba. Ki zaɓa."

"Na biyun fa?" Wallahi ni na yi tambayar nan, da bakina. Har yanzu kunyar kaina nake ji.

Ta yi murmushi, zinaren ya haska. "In Arman ɗina ya dawo mini, ma gani." Ta dafa gwiwa ta miƙe. "Ki wanke fuska. Mutane na jiran shayi."

Na zame na zauna a ƙasa, bayana a jikin bango. Ta bayan bangon nan ina jin muryar Sanjar yana yi wa kawuna bayanin tayar hunturu. Na jawo waya.

"Gaskiya ne?"

Na ga ya karanta. Muryarsa ta ɗauke a falo.

"Meru, za mu yi magana in an watse."

"Gaskiya ne ko ƙarya?"

"Gaskiya ne. Ba ki san abin da nake ciki ba. Yau ta zuba mini nama da hannunta. Rabona da haka tun ranar jana'iza."

"Maganin hawan jinin fa? Duk kemis ɗin Talgar sun ƙone ne?"

"Ita ta ba ni kwatancen kantinku. Wata da ke aiki da Mamanki ce ta ba ta labarinki. Amma daga baya na so ki da gaske, na rantse."

"Me ya sa ni?"

Ya fara rubutu ya goge, ya fara ya goge. Sannan amsa ta shigo.

"Mai lafiya ba za ta yarda ba."

Na karanta ta har haruffan suka narke. Na ce shi ke nan, yanzu zan fizge ɗankunnen nan ko da kunnen zai tsage, in fita in jefa shi cikin romon, kowa ya ji abin da ake ciki. Na kama shi da yatsu biyu, na fara ja. Sai wayar ta sake ƙara.

Hoto ne. Toka-toka, dishi-dishi, irin wanda ake ɗauka ta madubin likita. Wasu 'yan ƙulalai guda uku a jere, kowanne da 'yan ƙwayoyi cunkushe a cikinsa kamar kumfar sabulu. A ƙasa ya rubuta: "Jiya suka turo. Likita ta ce uku ne suka yi ƙarfi. Ga su nan."

Ya san abin da yake yi, ɗan banza, ya sani sarai. Na sa yatsa zan goge. A maimakon haka sai na ga ina buɗa hoton da yatsu biyu, ina ƙara girmansa, ina duba na tsakiyan da ya ɗan karkace ya jingina da ɗan uwansa. Ba ido, ba hanci, ba komai, rabinsu na mutumin da ban taɓa gani ba sai a bango da baƙin ƙyalle. Amma ɗaya rabin nawa ne, kuma duk duniya ba ni da wasu.

Mama ta buga ƙofa. "Meruyet! Surukarki ta miƙo kofi, a fito!"

Ku zage ni a ƙasan rubutun nan, na yarda, na cancanta. Hannuna ya saki ɗankunnen. Na kai wayar bakina na sumbaci gilashin, na ce musu a hankali, "Ni ce. Ni ce Mamanku. Ku riƙe, don ba za a ƙara gaya muku ba."